JOIN, Ajiyar Kusa ko Redis: Wacce Hanya Za Ta Rage Wa Aikin Dare Zarya Zuwa Rumbun Bayanai?

Duk wanda ya taɓa riƙe manhajar kamfani ya san irin wannan safiya. An tayar da aikin fitar da takardun kuɗi tun ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da sa ran kafin kiran asuba ya kammala. Ga shi takwas ta yi, ma'aikata sun zauna a kujerunsu, shi kuwa yana nan yana jan ƙafa. Akanta na jiran lissafi, manaja na ta buga waya. Sai a taru a ɗaki guda. Wani ya ce a ƙara wa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da aikin, ƙarfi, wani ya ce a kawo Redis, manhajar da ke ajiye amsoshi a gefe don a same su da sauri, na uku ya ce a rushe shirin a mayar da komai SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Idan kana tsakiyar wannan ja-in-ja, kai na rubuta wa wannan.

Mafi yawan lokuta ciwon ɗaya ne, kuma sunansa zarya. Shirin yakan ɗauko layi ɗaya na ciniki, ya je rumbun bayanai ya tambayi farashin kaya, ya dawo, ya koma ya tambayi sunan kwastoma, ya dawo, ya sake komawa neman kason haraji. Layi na gaba ma haka. Tamkar uwar gida ce ta ɗora tukunya, tana aiken yaro kasuwa gishiri daban, daddawa daban, barkono daban, alhali tafiya ɗaya ta isa a yi cefanen duka.

Mu ɗauki misali mu riƙa auna komai da shi. A ce kana da layukan ciniki 2,000,000, kowane layi na bukatar tambaya uku. Tambayoyi 6,000,000 ke nan. In kowace tana cin rabin milisakan, wanda shi ne abin da ake kintata wa zuwa da dawowa tsakanin kwamfutoci biyu a gini ɗaya, minti 50 sun tafi a jira kawai. In ta kai milisakan 2, awa uku da minti ashirin. In kuwa shirin yana Legas rumbun yana Landan, tazarar kusan kilomita 5,000 ce, haske kuma a cikin wayar gilashi yana gudun kimanin kilomita 200,000 ne a sakan, don haka ba yadda za a yi tambaya ta je ta dawo ƙasa da milisakan 50. Wannan ya haura kwana uku. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: kowace tambaya ita kaɗai tana da sauri, shi ya sa ba ta bayyana a jerin tambayoyi masu nauyi, amma taronsu ne ke cinye daren.

Kafin ka zaɓi komai, ƙirga

Lambobi biyu nake roƙon ka samo tukuna. Na farko, sau nawa ake yin kowace tambaya. Rumbun da kansa zai gaya maka, kowane irin rumbu da nasa kayan dubawa: a PostgreSQL akwai pg_stat_statements mai nuna adadin kira, a Oracle akwai V$SQL, a SQL Server akwai Query Store tun fitowar 2016, masu SAP kuma suna da ST05. Na biyu, amsoshi nawa ne daban-daban a cikin waɗannan tambayoyin. A misalinmu, a ce nau'in kaya 8,000 ne, kwastomomi 300,000, rukunan haraji kuwa ba su wuce biyar ba. Ka ga an tambayi abu biyar sau miliyan biyu. Tambayoyin nan uku kamanninsu ɗaya a cikin kod, amma maganinsu ya bambanta, kuma wanda ya ba su magani ɗaya zai yi ɓarna a ɗaya daga cikinsu.

Ka kuma duba ko akwai fihirisa (index), wato jerin da ke kai rumbu kai tsaye ga layin da ake nema, a kan ginshiƙin da ake nema da shi. In babu, sa ta ka sake aunawa. Wani lokaci magana a nan take ƙarewa.

Ma'aunan da za mu bi

Kuɗi: ba kuɗin sayen na'ura kaɗai ba, har da kwanakin mai rubuta kod, da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, da lasisi. Oracle da SQL Server suna da tsarin lasisi bisa yawan injinan sarrafawa na saba, saboda haka ɗora wa rumbun ƙarin aiki na iya zama ƙarin kuɗi. A manyan kwamfutocin IBM da bankuna ke amfani da su, kuɗin manhaja yana bin yawan aikin da injin ya yi, kowane kiran SQL yana da farashi.

Sauƙi: yawan kod ɗin da za a taɓa, da ko wanda zai gaje ka zai gane abin da ka yi.

Ɗorewa: shin gyaran zai tsaya in bayanai suka ninka sau goma, ko in aka raba aikin gida huɗu ana gudanar da su lokaci guda?

Haɗari: wannan shi ne babba a wurina. Aikin da ya yi jinkiri kowa na ganinsa. Aikin da ya yi sauri amma ya fitar da lissafin da ba daidai ba, sai kwastoma ya zo da takarda a hannu ake sani. A harkar kuɗi, garin neman gira ake rasa ido.

Hanya ta ɗaya: riƙe amsar da ta gabata

Dabarar tsofaffin masu rubuta shiri da harshen COBOL ce, kuma har yau tana aiki. Ka jeranta layukan bisa lambar kwastoma, ka ajiye lambar da ka nema ta ƙarshe tare da amsarta. In layi na gaba na wannan kwastoman ne, ba sai ka je ba. Tambayoyin kwastoma sun sauko daga 2,000,000 zuwa 300,000, da layukan kod da ba su kai goma ba, kuma ba ta cin RAM ko kaɗan.

Iyakarta a fili take: ba ka iya jeranta bayanai ta fuska biyu lokaci guda. In ka jera bisa kwastoma, lambobin kaya za su zo a warwatse. Sannan duk ranar da wani ya cire ORDER BY, umarnin da ke jeranta layukan, daga tambayar farko, amsa za ta ci gaba da fita daidai amma saurin zai gudu, ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ka rubuta bayani a wurin, domin wanda zai zo bayanka.

Hanya ta biyu: loda teburin gaba ɗaya tun farko

Da shirin ya tashi, ya yi tambaya ɗaya ya kwaso dukan teburin ya zuba a RAM, cikin tsarin da ake nema da mabuɗi: HashMap a Java, dict a Python, HASHED TABLE a ABAP (harshen SAP), ko jerarren tebur da SEARCH ALL a COBOL, wanda ke raba jeri biyu-biyu har ya samo abu cikin miliyan ɗaya da kwatance kusan ashirin. Daga nan nema ba ya fita daga cikin injin. Karatu daga RAM yana cin kimanin nanosakan 100, wato ya fi tafiya zuwa wata kwamfuta sauri sau dubbai.

Ga ƙananan teburan da ba sa motsi, ban san abin da ya kai wannan ba. Jihohi 36 da Abuja, ƙananan hukumomi 774, rassan kamfani, rukunan haraji, lambobin bankuna: duk wanda ke tambayar rumbu waɗannan a kan kowane layi yana zubar da lokaci ne kawai. Kaya 8,000 ma ba wani abu ba ne. In kowane layi bayit 500 ne, megabayit 4 ke nan. Kwastomomi 300,000 kuwa sun kai megabayit 150 a lissafin takarda, a Java ko Python kuma abin yakan kumbura ya ninka saboda nauyin da harshen ke ɗora wa kowane abu. In ka raba aikin gida takwas, kowane na ɗauke da kwafinsa. A nan ɗorewa ke fara rauni: teburin da ke girma kullum, wata rana zai fi ƙarfin ƙwaƙwalwar, shirin ya faɗi da tsakar dare. Dabara ɗaya da ke rage wannan ita ce kwaso ginshiƙan da kake bukata kaɗai, maimakon SELECT * da ke jawo har adireshi da bayanan da ba ka dubawa.

Akwai wani alheri a wannan hanyar da ba a cika faɗa ba. Tunda an ɗauki hoton teburin sau ɗaya, duk layukan daren nan da farashi ɗaya za a lissafa su, ko da wani ya canza farashi ƙarfe biyu na dare. A tsohon tsarin, rabin takardu za su fita da tsohon farashi, rabi da sabo. Amma ka lura: in aikin ya faɗi a tsakiya aka sake tayar da shi, hoton na biyu zai iya bambanta da na farko. Maganin shi ne farashi ya kasance yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, a nema da ranar ciniki, ba ranar da ake gudanar da aikin ba. Mun ga amfanin haka a Najeriya lokacin da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020. Cinikin Janairu da aka sarrafa a Fabrairu da tsohon kaso ya kamata ya tafi, shirin da ya riƙe "kason yau" kaɗai ba zai iya wannan ba.

Hanya ta uku: ajiyar da ke cika a hankali

Ba a loda komai da farko. In an tambayi abu, a duba ajiya. In babu, a je rumbu, a ajiye amsar don gaba. In ajiyar ta cika, a jefar da wanda aka daɗe ba a nema ba. A Python lru_cache na yin wannan da layi ɗaya, a Java akwai Caffeine, ko LinkedHashMap in ba ka son ƙarin laburare. Ita ce mafi sauƙin sawa a tsohon kod, domin ba ka taɓa tsarin shirin, aikin nema kawai kake naɗewa.

Wannan sauƙin ne ke sa a yi sakaci, shi ya sa zan ɗan tsaya a nan.

Na taɓa gadar wani shirin fitar da takardun kuɗi a wani wurin da na yi aiki. An sa masa irin wannan ajiya kafin zuwana, ya yi sauri, kowa ya ji daɗi. Farashin kaya a wurin ya danganta ne da lambar kaya da kuma reshe, amma mabuɗin ajiyar lambar kaya ce kaɗai. Reshen da layinsa ya fara zuwa, farashinsa ne ke bin sauran rassa har gari ya waye. Ba a gane ba, domin yawancin kaya farashinsu ɗaya ne ko'ina. Sai wata rana wata ma'aikaciyar sashen kuɗi ta shigo da takardu biyu ta shimfiɗa a gabana, kaya ɗaya, rana ɗaya, ta ɗora yatsa a kan lambobin ta ce, "Malam, duba min wannan." Bambancin bai taka kara ya karya ba a takarda ɗaya, amma mun yi makonni muna bin tsofaffin takardu muna gyarawa, kuma kunyar da na ji a gaban kwastomomin da aka caje su fiye da ƙima ba ta bar ni ba har yau. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida: duk abin da ke cikin WHERE, wato sharaɗin tambayar, dole ya kasance cikin mabuɗin ajiya, har da rana, reshe da nau'in kuɗi.

Wasu ramuka biyu. In aka nemi lambar da babu ita a rumbu, a ajiye wannan "babu" ɗin ma, in ba haka ba lamba ɗaya da aka shigar bisa kuskure za ta riƙa zarya duk dare. Sannan girman ajiyar: lru_cache in ba ka faɗa masa ba, abu 128 kaɗai yake riƙewa. Da kaya 8,000 a warwatse, yana ajiyewa yana jefarwa ne kawai, ribar kaɗan ce. Ka buga adadin "an samu" da "ba a samu ba" a ƙarshen aiki don ka ga gaskiyar lamarin. A Python cache_info na ba da su.

Kuma kada ka taɓa ajiye abin da shi kansa aikin ke canzawa. Ragowar kuɗin kwastoma, adadin kayan da suka rage a sito, lambar rasit ta gaba: waɗannan ba na ajiya ba ne.

Hanya ta huɗu: bar wa rumbun aikinsa, JOIN

Maimakon shirin ya riƙa haɗa layi da kayansa da kwastomansa, a rubuta tambaya ɗaya da ke haɗa teburan huɗu (ciniki, kaya, kwastoma da haraji), wato JOIN, layukan su zo a shirye. Tambayoyi 6,000,000 sun koma ɗaya. Wannan aikin shi aka gina rumbun bayanai dominsa. Yana da hanyoyin haɗi iri-iri, yana zaɓar wadda ta dace da girman tebur. MySQL ya samu haɗin hash a fitowa ta 8.0.18 a 2019, PostgreSQL 14 kuma a 2021 ya zo da Memoize, wanda ke riƙe amsoshin da ake maimaitawa a cikin haɗi. Ma'ana ajiyar da kake shirin rubutawa da hannu, rumbun na iya yi maka ita a cikin gidansa. Masu amfani da Django a Python suna samun JOIN da select_related, masu Hibernate a Java da JOIN FETCH.

Ba na ɓoyewa, wannan nake fara gwadawa duk lokacin da teburan ke rumbu ɗaya. Babu ƙarin na'ura, babu tsohon bayani, tambaya ɗaya kuma tana ganin hoto ɗaya na bayanai daga farko har ƙarshe a Oracle da PostgreSQL. Tana ɗorewa in bayanai sun girma fiye da kowace hanya a nan.

Amma tana da nata haɗura, kuma shiru suke yi. INNER JOIN yana zubar da duk layin da bai sami abokin haɗi ba. Tsohon shirin in ya nemi kaya bai samu ba yakan rubuta kuskure a rajista. Sabon kuwa layin ɓacewa zai yi kawai, kuɗinsa bai shiga lissafi ba. Ka yi amfani da LEFT JOIN, wanda ba ya zubar da irin wannan layi, ka kama wuraren da suka zo fanko. Akasin haka ma na faruwa: in teburin farashi na da layi biyu ga kaya ɗaya, tsohon farashi da sabo, layin ciniki zai fito sau biyu, jimla ta ninka. Tsohon kod ɗin da ke ɗaukar na farko ya wuce yana rufe wannan aibi shekara da shekaru. Saboda haka gwajin farko bayan gyara shi ne ƙirga: layi nawa suka shiga, nawa suka fita, jimlar kuɗi ta yi daidai da ta tsohon shiri?

Sai batun kwaso sakamakon. Direban JDBC na Oracle, wanda ke haɗa shirin Java da rumbu, layi 10 yake kawowa a kowace tafiya in ba ka canza ba, wato layuka miliyan biyu tafiya 200,000 ne. Ɗaga wannan lamba zuwa ɗaruruwa gyara ne na minti ɗaya. Direban PostgreSQL kuwa nasa akasin haka ne, duka yake kwasowa ya zuba a RAM sai in ka kashe autocommit ka sa fetchSize. Tambayar da ta daɗe a buɗe ana rubuce-rubuce a gefenta tana iya faɗuwa da kuskuren ORA-01555 a Oracle, a PostgreSQL kuma tana hana aikin shara na VACUUM share matattun layuka. Ta fuskar sauƙi, wannan hanyar ta fi sauran taɓa tsarin shirin, musamman in dokokin kasuwanci sun cakuɗe da aikin nema.

Hanya ta biyar: tambaya dami-dami

Ka ɗebo layuka 1,000, ka tattara lambobin kwastomomin da ke cikinsu ba maimaici, ka yi tambaya ɗaya da IN, wanda ke karɓar jerin lambobin duka, ka zuba amsar a ƙaramin tebur a RAM, ka sarrafa damin, ka zubar, ka ɗebo na gaba. Dami 2,000 sau tambaya uku, 6,000 ke nan maimakon 6,000,000. RAM ɗin da take ci ba ya ƙaruwa ko bayanai sun kai nawa, kuma kowane dami na samun sabon bayani. Ita ce mafita in JOIN ba zai yiwu ba: layukan daga fayil suke zuwa, ko teburin kwastoma yana wani rumbu daban. Ta kuma dace da sake tayar da aiki, tunda kana yin COMMIT, wato tabbatar da abin da aka rubuta, a ƙarshen kowane dami, ka san inda ka tsaya.

Kowane rumbu na da iyakarsa, gara ka san ta tun kafin dare ya nuna maka. Oracle, har zuwa 19c, ba ya karɓar fiye da abu 1,000 a jerin IN, sai ya jefo ORA-01795. SQL Server yana tsayawa a sigogi 2,100. SQLite 999 ne kafin fitowa ta 3.32 a 2020, daga nan ya koma 32,766. A PostgreSQL ya fi tsafta ka tura jeri ɗaya da = ANY. In lambobin sun yi yawa, zuba su a tebur na wucin gadi ka yi JOIN da shi.

Masu ABAP sun san wannan hanya da FOR ALL ENTRIES, kuma tana da tarko biyu da suka kama mutane da yawa. In teburin lambobin fanko ne, ba a dawo maka da fanko ba, ana watsar da sharaɗin WHERE ne a kwaso komai. Sannan tana cire layukan da suka yi kama da juna, don haka in ba ka haɗa da cikakken mabuɗi a abin da ka zaɓa ba, biyan kuɗi biyu masu adadi ɗaya za su koma ɗaya.

Kuɗinta shi ne aikin hannu: zagaye ɗaya ya zama biyu, na tattarawa da na sarrafawa. Kwana ɗaya ko biyu ne ga wanda ya san shirin.

Hanya ta shida: Redis ko Memcached

Wannan ce ake yawan ambata a taro, domin sunanta ya shahara. Brad Fitzpatrick ya rubuta Memcached a 2003 don shafin LiveJournal, Salvatore Sanfilippo kuma ya fara Redis a 2009. Dukansu an haife su ne don shafukan intanet, inda sabobi da yawa ke amsa dubban baƙi, kowane na neman abu ɗaya cikin gaggawa. A can suna da babban amfani.

A aikin dare labarin daban ne. Redis ma wata kwamfuta ce a ƙarshen waya. In ka maye gurbin tambayoyi 6,000,000 zuwa rumbu da tambayoyi 6,000,000 zuwa Redis, ka sauke wa rumbun nauyi amma zaryar na nan, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Don ka ci riba sai ka yi amfani da MGET, umarnin neman abubuwa da yawa a tafiya ɗaya, ko ka tura buƙatu a jere ba jira, wato ka koma hanya ta biyar, da ƙarin saba a wuyanka. Ga kuɗin wata-wata, ga mai kula da ita, ga tambayar da ba ta ƙarewa: in an canza farashi a rumbu, wa zai goge tsohon a Redis? Lasisin Redis ma ya canza a 2024, har aka tsaga Valkey daga jikinsa ƙarƙashin Linux Foundation, abin da ya kamata kamfani ya duba kafin ya jingina da shi. MySQL kansa ya taɓa samun ajiyar amsoshi a cikinsa, aka cire ta a fitowa ta 8.0, saboda kowane rubutu a tebur yana goge duk abin da aka ajiye game da shi, kuma ba ta jure aiki mai yawa lokaci guda.

Inda nake ganin Redis ta cancanta: amsar tana da tsadar samowa, kamar kiran wata manhaja ta waje da ake biya ko aka ƙayyade wa adadin kira, kuma shirye-shirye da yawa na bukatar ta.

A taƙaice cikin tebur

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Riƙe amsar ƙarshe | Kusan babu | Mai sauƙi ƙwarai | Muddin jerin bai canza ba | Saurin ya ɓace in an cire jeri |
| Loda tebur duka | RAM | Mai sauƙi | Ƙananan tebura kaɗai | RAM ya cika. Bambanci bayan sake tayarwa |
| Ajiya mai cika a hankali | RAM ƙayyadadde | Mafi sauƙi a tsohon kod | Matsakaiciya | Mabuɗi mara cika, tsohon bayani |
| JOIN | Aikin rumbu, gwaji | Tana taɓa tsarin shiri | Mafi ɗorewa | Layuka su ɓace ko su ninka |
| Dami-dami | Kwanakin mai kod | Matsakaiciya | Mai ɗorewa | Iyakar IN, dami fanko |
| Redis ko Memcached | Saba da mai kula | Mafi wahala | Sai da kulawa | Tsohon bayani, zarya na nan |

Wacce ta dace da kai

In duk teburanka suna rumbu ɗaya kuma kana da ikon taɓa tambayar farko, tafi da JOIN, ka ware lokacin gwada ƙirgar layuka da jimlar kuɗi da na tsohon shiri kafin ka sake shi.

In abin da ake nema ƙaramin tebur ne da ba ya canzawa cikin dare, loda shi duka. Ko ka zaɓi wata hanya don manyan tebura, wannan tana tafiya tare da ita. A misalinmu haka zan yi: haraji da kaya a loda su tun farko, kwastomomi kuma JOIN ko dami.

In layukan daga fayil suke zuwa, ko rumbun yana nesa, ko teburin ya fi ƙarfin RAM, dami-dami ce taka. Ga wanda shirinsa ke ofis a nan gida rumbunsa kuma yana Turai, wannan ce za ta fi canza masa dare, domin kowace tafiya da ya rage milisakan 50 ce ko fiye. In da hali ma, ya kai shirin kusa da rumbun.

In tsohon shiri ne da kowa ke tsoron taɓawa, kuma ana bukatar sauƙi kafin ƙarshen wata, sa ajiya mai cika a hankali a kan aikin nema ɗaya da ya fi yawan kira. Ka zauna da tambayar a gefe ɗaya, mabuɗin a ɗaya gefen, ka tabbata sun yi daidai ɗaya bayan ɗaya. In layukan sun riga sun zo a jere bisa wannan lambar, riƙe amsar ƙarshe ma ta wadatar.

In amsar daga waje take zuwa, da tsada, kuma shirye-shirye da dama na raba ta, to Redis ko Valkey, tare da wa'adin ƙarewa a kan kowane abu da aka ajiye, da sunan wanda alhakin gogewa ke kansa in bayanin ya canza.

In kuwa abin da ake nema shi ne ragowar kuɗi ko adadin kaya a sito, wanda aikin da kansa ke ragewa yana ƙarawa, bar shi a rumbu. Ka tattara canje-canjen kowane dami ka tura su da UPDATE ɗaya, a cikin COMMIT ɗaya da layukan da suka haifar da su.